Ba Wutsiyar "ing" Ke Kashe Hausa Ba

Duk bayan 'yan kwanaki sai wani ya hau Facebook ya yi wa Hausa ta'aziyya. Hujjar kullum iri ɗaya ce. Ya ji wata yarinya ta ce "na yi calling ɗinsa bai yi picking ba", ko ya karanta littafin intanet inda jarumin ya "yi parking" a ƙofar gidan su budurwa, sai ya yanke hukunci cewa wannan wutsiya ta "ing" da ke bin kalmomin Turanci ita ce ajalin harshen, matasa kuma su ne masu haƙa kabarin. A ƙasa jama'a su yi ta Allah wadai, a watse, mako mai zuwa a sake sabon zaman makoki.

Mu ba mu yarda da wannan hukunci ba, ba kuma don Ingausa tana yi mana daɗi a kunne ba. Akwai ɓarna, tana ma da girma, sai dai an bar jaki ana dukan taiki. Masu kukan ba su taɓa tsayawa sun tambaya ba: daga ina wutsiyar nan ta fito, me take yi a gidansu, kuma me ya sa cikin duk siffofin aikatau na Turanci ita bakin Bahaushe ya fi ɗauka? Wanda ya san amsar waɗannan zai daina zagin yara, ya juya ga inda ciwon yake.

Mu fara da gidansu. A Tsohon Turanci, wanda aka yi a Ingila kafin Normandawa su ci ƙasar da yaƙi a 1066, wutsiyoyi biyu ne ke raba aikin da "ing" ke yi ita kaɗai a yau. Ta farko "ung" ko "ing", aikinta ta mai da aikatau suna, kamar yadda muke samun "gini" daga "gina" ko "karatu" daga "karanta". Jamusanci, wanda suka fito tsatso ɗaya da Turanci, har yanzu yana riƙe da "ung" ɗinsa a wannan aiki. Ta biyu "ende", ita ke siffanta mai aiki a lokacin da yake cikin yinsa. Dangin wannan ta biyun sun bar burbushi a kalmomi biyu. Kalmar "friend", aboki, asalin ma'anarta mai so, wato masoyi. Kalmar "fiend", mugun iblis, asalinta mai ƙi, wato maƙiyi. Wannan "nd" da ke ƙarshensu ragowar tsohuwar wutsiya ce.

Bayan 1066 Faransanci ya zama harshen fada da na manya, Turanci ya koma bakin talakawa, babu mai tsare masa ƙa'idar rubutu. Kowane yanki ya riƙa furta wutsiya ta biyu yadda bakinsa ya ba shi: mutanen arewa "and", na tsakiya "ende", na kudu "inde". A kudun ne "inde" da "inge" suka yi kusa a kunne har suka narke suka zama abu ɗaya. Kafin mawaƙin nan na Landan, Chaucer, ya mutu a 1400, wutsiya ɗaya ce ke aikin biyu a rubutunsa. Da Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, Turancin Landan ya ƙara samun gindin zama, sauran suka ja baya. Ashe abin da malamin Turanci ke zane yaro a kansa yau ya samo asali ne daga cakuɗewar lafazin talakawa, irin cakuɗewar da masu tsaron harshe na kowane zamani ke kira lalacewa.

Akwai abin da ya fi wannan kusa da mu. Turawan dā sukan ce mutum yana "on hunting", wato yana kan farauta, su sa harafin wuri a gaban sunan aikin. A hankali "on" ya zaizaye ya zama "a", aka sami "a-hunting" da ake gani a tsoffin rubuce-rubuce, daga baya shi ma ya faɗi. Masana da dama suna ganin wannan gini yana cikin tushen "he is hunting" na yau. To, Bahaushe fa? Yana gida, yana kasuwa, yana farauta. "Yana" ɗin da ke nuna inda mutum yake shi ne dai ke nuna aikin da yake ciki, kuma abin da ke biyo shi sunan aiki ne: yana zuwa, yana karatu, yana kamawa. Harsuna biyu da ba su haɗa dangi ba sun ɗauki aiki mai ci a matsayin wurin da mutum ke zaune a ciki. Wannan dacewa ce ta share wa wutsiyar hanyar shiga bakinmu.

Su ma Turawa sun yi nasu zaman makokin a kan "ing". Har wajen ƙarshen ƙarni na 18, in ana gina gida, Bature cewa yake "the house is building". Sai sabon salo ya ɓullo, "is being built". Masu tsaron harshe suka tashi haiƙan. A 1870 wani marubuci Ba'amurke, Richard Grant White, ya ware babi sukutum a littafinsa Words and Their Uses yana tsine wa sabon salon, yana ganin ba shi da kai ba shi da gindi. Yau ɗalibin da ya rubuta tsohon salon da White ya kare, jan biro zai sha a jarrabawar WAEC. Abin da aka kira ɓarna a 1870 shi ne ƙa'ida yanzu.

Ko lafazin ma ba a kansa ɗaya suke ba. Babu "g" da ake furtawa a ƙarshen "ing" a daidaitaccen Turanci, sauti ɗaya ne ɗan hanci aka rubuta da haruffa biyu. Miliyoyin Turawa kuwa "in" suke cewa kai tsaye. John Fischer ya yi nazarin haka a bakin yaran wani ƙauye na Amurka a 1958, Peter Trudgill ya yi a birnin Norwich na Ingila a 1974, duk suka tarar mutum ɗaya kan canza tsakanin biyun gwargwadon inda yake da wanda yake magana da shi. An ma yi zamanin da 'ya'yan sarautar Ingila ke tinƙaho da furta "in". Yanzu mai karatu ya furta kalmar "nan" a hankali. A "n" na farko harshe na taɓa bayan haƙoran sama, na ƙarshen kuwa daga can ƙuryar baki yake fita ta hanci. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin sautin "ng" na Turanci. Ke nan direban da ya ce "fakin" bai ɓata komai ba, rubutunsa da "n" kuma daidai yake da ƙa'idar Hausa.

To me ya sa muka fi ɗaukar wannan siffa? Dalilin yana cikin nahawun Hausa. Muna da ƙaramin aikatau mai ɗaukar kaya, "yi", wanda ke jan suna ya mai da shi aiki: yi barci, yi magana, yi dariya, yi gyara. Duk baƙuwar kalmar aiki da ta zo, ta ƙofar "yi" take shigowa, kuma sai ta zo a matsayin suna. Cikin siffofin aikatau na Turanci, mai "ing" ce suna tun asalinta. Bahaushe ya leƙa rumbun Turanci ya zaro abin da ya dace da gurbin da yake da shi.

Ga shaida. Ba a jin mai cewa "na called shi" ko "ta sent kuɗin". Wutsiyar "ed" da sauran alamun lokaci na Turanci a bakin ƙofa ake tsayar da su, domin Hausa ce ke riƙe da lokaci: na yi, zan yi, ina yin, ban yi ba, da na yi. Dubi kuma yadda ake haɗa kalmar da wanda aikin ya faɗa wa. Cewa ake "calling ɗinsa", da "ɗin" ɗin nan da muke liƙa wa baƙin sunaye, kamar "bas ɗinsa" ko "ofis ɗinmu". Ginin "kiransa" ne sak, an dai canza bulo. Mu da aikinmu rubuta manhaja ne muna da ƙarin shaida a allon waya. Maɓallan da mutum ke dannawa ba su da wutsiya, "Send" ne da "Delete" da "Block". Duk da haka "yi sending" da "yi blocking" ke fita daga baki. In ma an ce "yi delete" ko "yi like", kamar yadda akan ji, "yi" ɗin na nan, kalmar kuma suna aka ɗauke ta. Wanda ke wannan magana, tunaninsa da Hausa yake tafiya.

Ba mu kaɗai ke haka ba. Japanawa na da "suru", masu Hindi da Urdu na da "karna", Farisawa na da "kardan", duk ma'anarsu "yi", duk kuma da su ake shigo da baƙin aikatau. Faransawa, da suka kafa dokar kare harshensu a 1994, suna cewa "le parking", har sun ƙirƙiro "le footing" da Bature bai san shi da wannan ma'ana ba. Kakanninmu ma ta wannan ƙofa suka shigo da Larabci. Yi addu'a, yi bayani, yi nazari, yi hukunci, yi istigfari: sunayen aiki ne na Larabci aka jingina wa "yi". Wanda ke ganin "yi" da baƙon suna kisan harshe ne, sai ya fara da goge waɗannan daga bakinsa, mu ga abin da zai rage masa na wa'azi.

Zuwa nan wani zai ce ashe mun wanke Ingausa tas. A'a. Yanzu ne ma muka iso inda ciwon yake, kuma wuri biyu ne.

Na farko, korar ɗan gida don a ba baƙo ɗaki. Aro na buƙata daban, aro na burga daban. "Na kira shi" gaɓa huɗu ce, "na yi calling ɗinsa" shida. Ba sauƙi mai faɗin ta biyun yake nema ba, so yake a san ya shiga aji. Asarar kuwa ta wuce ta kalma ɗaya. Ƙarfin Hausa yana cikin aikatau ɗinta, wanda F. W. Parsons ya kasa gida bakwai a 1960. Da canjin wasali da karin sauti, saiwa ɗaya ke ba da ma'anoni jere: ya saya, ya sayo ya kawo nan, ya saye duka bai rage ba, ya sayar wa wani, kaya sun sayu. "Tura min" da "turo min" ba ɗaya ba ne, wasalin ƙarshe ya gaya maka inda saƙon ya nufa. In aka ce "yi sending", duk wannan ya tafi. "Yi" ne kaɗai ke motsi, baƙuwar kalma na zaune kamar dutse. Yaron da ya tashi yana jin "yi buying", "yi waiting", "yi cooking" daga bakin iyayensa zai iya Hausar da ta ishe shi cefane, amma kunnensa ba zai saba da bambancin "ɗauka" da "ɗauko" da "ɗauke" ba. Wannan ce asarar da ta cancanci kuka, ba mu kuwa taɓa jin masu ta'aziyyar Facebook sun ambace ta ba.

Na biyu, baƙon da ya ƙi tuɓe takalmi. Dā in kalma ta shigo, sai ta bi ta bakin direba da makaniki da soja da ɗan kasuwa, su sassaƙe ta ta dace da harshen, sannan marubuci ya rubuta ta yadda ya ji. Haka muka sami fakin da mitin da fasin da tirenin, duk da wutsiyarsu, ba wanda ya ce sun kashe Hausa. Masu jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, sun san Turanci sarai, amma asibiti suke rubutawa da gwamna da soja, don mai karatunsu suke dubawa. Kalmar da ta sa rigar Hausa kuwa takan haihu. Larabci ya ba mu hukunci muka fitar da hukunta. Turanci ya ba mu canji muka fitar da canza, lodi ya ba da loda, kwafi ya ba da kwafa, ɗan'uwan fakin kuma shi ne faka. Dubi yadda loda ya shige dangi: ya loda kaya, ya lodo su daga Legas, ya lode su kaf, mota ta lodu. Wannan ba baƙo ba ne kuma, ya zama ɗan gari.

Kalmar da aka bari da rubutun Turanci ba za ta taɓa haihuwa haka ba. Ba yadda za a yi "downloading" ya karɓi wasalin Hausa a ƙarshensa. Waye kuma ke hana ta tuɓe takalmin? Ba direba ba ne, ba mai sayar da kati ba ne. Su tuni suka ce filashin da catin da bulokin. Mai digiri ne ke jin kunyar rubuta abin da bakinsa ke furtawa, kada a ce bai iya Turanci ba. Abin takaici, rubutun Turancin da ake fakewa da shi ma ba ya tsira. Duk mai karanta littattafan intanet ya sha ganin jarumi ya "yi packing" ɗin mota, ko masoya suna "charting" har asuba. An bar "fakin" da "catin" da kowa zai karanta daidai, an kama abin da bai zama Turanci ba bai kuma zama Hausa ba.

Wa ke biyan kuɗin wannan burga? Da farko mai karatun da ya koyi karatun Hausa a ajin yaƙi da jahilci ko a Islamiyya, wanda ke bin labari tiryan-tiryan har ya ci karo da "embarrassing" a tsakiyar jimla ya tsaya cak. Sai ɗan'uwanmu na Maraɗi ko Damagaram da bokonsa na Faransanci ne, wanda harshe ɗaya ya haɗa mu, rubutun Ingausa kuma ya raba mu. An rubuta labari da sunan Hausa, an kuma kafa shinge a ƙofarsa cewa sai mai Turanci.

Sai kuma na'ura, wadda nan ne sana'armu ta ba mu damar magana. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya buɗe shafinsa da Hausa a 2016. Irin waɗannan manhajoji, da allon rubutu mai cankar kalmar da za ka rubuta, da mai karanta wa makaho rubutu da murya, duk daga abin da mutane suka rubuta suke koyo. In kalma ɗaya tana yawo da riga huɗu, "chatting" da "chating" da "charting" da "catin", na'ura na ganin abubuwa huɗu ne, kowanne da 'yan misalai kaɗan, sai koyon ya yi rauni. In jimla ta cika da rubutun Turanci, manhajar gane harshe na iya ɗaukar ta Turanci ce, ta fita daga lissafin Hausa gaba ɗaya. Gobe a ce Hausa ba ta da isasshen rubutu a intanet, alhali masu ita sun yini suna rubutu, sun dai sa masa rigar da ta ɓoye shi.

Mun san abin da za a ce: wai "catin" da "fostin" suna da ban dariya a ido. Ido sabo ne. Ba wanda ke dariyar "asibiti" ko "kwamishina" yau, kuma wanda ya fara rubuta su bai nemi izinin Ingila ba. Wasu kuma daga ɗaya ɓangaren za su ce a kori baƙin duka a ƙirƙiro namu. Mun ga yadda wannan ke ƙarewa. "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" ta daɗe a labaran rediyo, amma a kasuwa kwamfuta ake saya. "Wayar tafi-da-gidanka" ta yi tsawo, jama'a suka yanke ta suka ce waya. Inda kuwa aka samo gajeren aikatau na gida, ya zauna daram: sauke bidiyo, ɗora hoto, tura saƙo, goge lamba, toshe mutum. Waɗannan sun karɓu don sun fi baƙin sauƙi, kuma suna juyawa yadda Hausa ke so, a sauke, a sauko, a ɗora, a ɗoro.

Saboda haka abin da muke nema a wurin marubuta littattafan intanet, da editocin mujallu irin wannan, da masu gabatar da shiri a rediyo, da masu fassara manhaja, ba shi da wuya. Kafin a rubuta kalma mai "ing", a tambaya ko Hausa na da aikatau ɗinta. In tana da shi, kira ne ko jira ko tura ko dafa, a yi amfani da shi, a bar burga. In babu, ko kuwa baƙuwar ta riga ta zauna a bakin jama'a, a rubuta ta yadda ake furta ta, da haruffan Hausa, a kuma tsaya kan rubutu ɗaya. In ta nuna alamar haihuwa, kamar yadda faka da loda suka yi, a bar ta ta haihu, kada edita ya mai da ita baya da sunan gyara. In marubuci na son nuna cewa wata jaruma 'yar gayu ce mai cakuɗa harshe, ya sa Ingausar a bakinta, wannan fasaha ce. Amma muryar mai ba da labari ba ta da wannan uzuri. Masu ƙamus kuma, irin na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, aikinsu ne su bi kasuwa da tasha da waya su tattaro waɗannan sabbin 'yan gari, su yanke musu rubutu ɗaya da kowa zai koma gare shi.

Masu ta'aziyya kuwa, muna roƙon su naɗe tabarmar makoki. Harshen da ke kama baƙuwar kalma ya tuɓe mata alamar lokaci, ya jingina ta da "yi", ya liƙa mata "ɗin", ba gawa ba ne. Yarinyar da ta ce "bai yi picking ba" ta bi nahawun Hausa tun daga "bai" har "ba". Abin da ta rasa shi ne wanda zai nuna mata cewa "bai ɗaga ba" ya fi gajarta, ya fi kuma daɗi. Zagi ba zai koya mata wannan ba. Littafi mai daɗi da aka rubuta da cikakkiyar Hausa zai koya mata, haka ma manhajar da ta buɗe ta tarar an rubuta "Tura" a kan maɓalli. Duk mai kishin da ke da lokacin rubuta ta'aziyya, yana da lokacin rubuta ɗaya daga cikin waɗannan.